Tsohuwar Fijo Da Rigimar Man Juye

Yau zan ɗan ratse daga zancen littattafai, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san in ban amayar da ita ba, ba zan samu sukuni ba. Maganar kuwa ita ce ta baƙin mai, wanda direbobi suka fi kira man juye, da irin wanda ya kamata a riƙa zuba wa tsofaffin motocin da har gobe su ne ƙafafun talakawan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Na san wani zai ce me ya haɗa mai karatun labaran soyayya da baƙin mai? To ai laifin marubutanmu ne. In ka ɗauki littafi goma, za ka tarar a cikin tara saurayi ya zo zance a Marsandi ko Honda Hala, ƙamshin turare yana tashi, sanyin mota yana ratsa shi. Ban taɓa cin karo da littafin da jarumi ya tsuguna ya zare gejin mai ya goge da tsumma ba. Alhali kuwa yawancinmu masu karatun, motar da ta kai mu makaranta, ta kai iyayenmu mata awo, ta ɗauko gawar kakanninmu daga asibitin Funtuwa, tsohuwar Fijo ce mai ƙofar da sai an ɗaure da igiya.

Mu a gidanmu akwai guda ɗaya, Fijo 504 doguwa mai layi uku. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu da kuɗin auduga tun ina firamare. Bayan rasuwarsa sai ƙanena ya ci gaba da haya da ita. Wata ranar kaka a shekarar 2019, ya ɗebo fasinja daga Ƙanƙara zai kai su Sheme, da la'asar sakaliya, sai jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa. Kafin ya yi wani tunani injin ya ɗauki ƙara kamar ana daka a turmin ƙarfe, daga nan ya yi tsit. Injin ya buga. Duk wanda ya san wannan hanya a wancan lokaci ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a kanta rana tana shirin faɗuwa. Akwai mata uku a ciki, ɗaya da goyo. Allah ne ya kawo wani mai a-kori-kura ya ja su da igiya kafin magariba. Ƙanena ya ce mini tsawon wannan jira babu wanda ya ce uffan a cikin motar, in ban da salati.

Da aka sauke injin a gareji, tsohon bakaniken da yake duba motar tun zamanin mahaifinmu ya sa yatsa ya lakato wani abu daga kaskon mai, baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta. Ya dubi ƙanena ya ce, "Yaro, wanga ba mai ba ne. Ina ka samo shi?"

Ya ce, "Baba, a bakin tasha nake saye, na kwalba. Shi ya fi sauƙi."

"Yaushe rabonka da juye?"

Sai ya sunkuyar da kai. Ashe wata bakwai ciko kawai yake yi. Abin da aka kashe wajen gyaran injin nan, da hayar da aka yi asara ta mako uku, ya isa ya sayi man kirki na shekara biyu har da canji. Araha dai ba ta ado.

Tun daga ranar na sa kaina binciken wannan al'amari, kuma ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: tsohuwar mota irin tamu ba mai mafi tsada take buƙata ba, ba kuma mafi kauri ba. Tana buƙatar man da ya dace da zamanin da aka ƙera ta, wanda ya fito daga rufaffen galan, kuma a riƙa zubar da shi a kan kari. Bari in warware.

Ita Fijo 504 a shekarar 1968 aka fito da ita a Faransa, har ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da yin ta har tsakiyar shekarun 2000, shekara ashirin da wani abu bayan Faransawa sun daina yin ƙaramar a ƙasarsu. Wannan ya sa ko wadda ta fito daga Kaduna a ƙarshe-ƙarshe, tsarin injinta na wancan tsohon zamani ne: kafireto ne da ita, ba kwamfuta, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gogar juna a cikinta ta fi ta injin zamani faɗi. Ƙara da cewa ƙarafan sun sha tafiya ta shekaru, sun ci, tazarar ta ƙaru. Aikin mai shi ne ya shiga wannan tazara ya zauna, ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. In ya yi tsinkakke da yawa, sai ya zurare ya bar su suna cin juna.

A nan ne lambobin da ke jikin galan suke shigowa, waɗanda yawancin direbobinmu suke ɗauka ado ne. Za ka ga an rubuta SAE 20W-50, ko 15W-40, ko 5W-30, ko kuma SAE 40 kawai. SAE ɗin sunan wata ƙungiyar injiniyoyin mota ce ta Amurka wadda ta tsara ma'aunin kaurin mai. Lambar farko, mai harafin W, tana nuna yadda man yake gudana a cikin sanyi, domin harafin daga kalmar hunturu ta Turanci aka ɗauko shi. Lamba ta biyu tana nuna kaurinsa in injin ya yi zafi, a ma'aunin digiri 100. Mai 20W ana gwada shi ne a sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, mai 5W kuwa a digiri 30 ƙasa da sifiri. To don Allah mai karatu, yaushe aka taɓa yin irin wannan sanyi a Daudawa ko Mairuwa? Ko a tsakiyar hunturun Disamba da Janairu, lokacin da muke kwana da garwashi a ɗaki, ruwan randa ba ya daskarewa. Damuwarmu ita ce lamba ta biyu, domin a watan Maris da Afrilu zafi yana kai digiri 40, ga mota ta ɗauki mutum goma sha da buhunan masara, ga hanya ba ta barin a yi gudun da iska za ta sanyaya lagireto.

Saboda haka ni a wurina 20W-50 shi ne abincin tsohuwar Fijo, da 'yar uwarta 404 a-kori-kura in har akwai sauran masu rai, da 505. Irin wannan mai shi ne ake yayi lokacin da aka ƙera su. Man Castrol GTX ma, wanda ya yi suna da wannan lamba, a 1968 ya fito, shekara ɗaya da 504. In injin sabon gyara ne, an sa sababbin ringi da fistin, 15W-40 ma zai yi. SAE 40 zalla, wanda tsofaffin direbobi suke rantsuwa da shi, ban ce haramun ba ne, yana riƙe zafi, sai dai da sanyin asuba yana nauyin tashi, kuma a 'yan daƙiƙoƙin nan na farko kafin mai ya hau sama ne injin ya fi ci.

Inda nake da ja sosai shi ne da samarin kanikawa na yanzu. Yaro ya koyi aiki a kan Toyota da Honda na zamani, ya ga ana zuba musu 5W-20 ko 0W-20, mai kamar ruwa, mai tsada, sai ya ɗauka tunda ya fi tsada ya fi kyau ga kowace mota. Ya sa Alhaji ya saya wa tsohuwar Fijonsa da yake ji da ita. Kwana biyu sai a ga ɗigo a ƙasan mota, salansa tana hayaƙi shuɗi, fitilar mai tana ƙyaftawa in an tsaya. Sai a ce man jabu ne. Ba jabu ba ne, ba nata ba ne kawai. An yi shi ne domin injin da tazararsa ta matse, domin a rage shan fetur. Tuwon da ya ƙosar da manomi daban, abincin ma'aikacin banki daban.

Akwai kuma wata magana da ba kowa ya sani ba, wadda masu tsofaffin motoci a Ingila da Amurka suka daɗe suna cece-kuce a kanta. A cikin man injin akwai wani sinadari mai ɗauke da zinki da fosfaras, ana taƙaita sunansa da ZDDP. Aikinsa shi ne ya yi wa ƙarfe wata 'yar riga a wuraren da matsi ya yi tsanani har mai ba ya iya tsayawa, musamman inda kamshaf yake gogar ƙarafan da ke ɗaga bawul. A tsofaffin injuna irin na 504 gogayya ce kai tsaye, fuska da fuska, babu 'yar tayar da ke mirginawa kamar a yawancin injunan yanzu, don haka suna matuƙar buƙatarsa. Matsalar ita ce fosfaras yana lalata na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa motoci a Amurka tun 1975, wato abin nan na cikin salansa da ɓarayi suke yankewa suna sayarwa. Don haka aka yi ta rage shi, har a 2004 aka ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 0.08 cikin ɗari a cikin tsinkakkun mayuka, masu lamba 30 zuwa ƙasa. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan 20W-50 ba. Ka ga ke nan dalili na biyu da ya sa sabon tsinkakken mai bai dace da tsohuwa ba: an rage masa abin da ita ta fi so, domin kare wata na'ura da ita ba ta da ita.

Haruffan API da ke jikin galan, irin su SF da SG da SL da SN, su kuma matakin inganci suke nunawa, kuma harafi na biyu yana gaba ne da zamani: SF na 1980 ne, SL na 2001, SN na 2010. Ga Fijo, in ka samu SG ko SJ ko SL a kan 20W-50, ka gama. Wanda ya fara da harafin C na injin gas ne, na manyan motoci. Galan da ba a rubuta masa komai ba sai hoton zaki ko doki, ajiye shi.

To amma duk wannan bayani na lambobi, a gaskiyar magana, ba shi ne babban ciwonmu ba. Babban ciwon shi ne man kwalba. Je ka kowace tasha, daga Ƙanƙara har Ɗandume, za ka ga tebur an jera kwalabe da gorunan ruwa cike da mai, wani ja, wani ruwan zuma, wani kore-kore. Ba na cewa duk mai wannan sana'a macuci ne. Da yawansu durom suke saye su ma, ba su san abin da ke ciki ba. Amma abin da ke cikin kwalbar nan ɗayan uku ne. Ko dai man kirki ne da aka buɗe ya sha ƙura, ko ɗanyen mai ne wanda ba a zuba masa sinadaran da ke mayar da shi man injin ba, ko kuma tsohon mai ne da aka juye daga wata motar aka tace aka gyara masa launi. Shi ɗanyen man nan, yawanci daga waje ake shigo da shi domin kamfanonin da ke haɗa man injin, duk da cewa matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina mata sashe na musamman domin yin sa. A ido ya fi kowane mai kyau, garai-garai. Amma babu sinadarin wanke datti a cikinsa, babu mai hana tsatsa, babu zinkin da muka ambata. Hukumar SON ta sha kama irin waɗannan kaya tana gargaɗi a kansu, amma wane jami'i ne zai zo ya duba tebur a 'Yankara?

Direbobi suna da wata dabara ta gwaji: a ɗiga mai a yatsa a murza, a ja a ga ko yana yauƙi. Wallahi wannan ba ya nuna komai. Kaurin da ka ji a yatsa da hantsi ba shi ne kaurin da zai yi a cikin injin da ya yi zafin tafasa ruwa ba. Wani abin mamaki ma, da yawa suna yabon man da ya daɗe bai yi baƙi ba, suna zagin wanda ya yi baƙi da wuri. Alhali a tsohon injin, man da ya yi baƙi shi ne yake aikinsa, ya kwaso dattin ya riƙe domin ya fita da shi ranar juye. Wanda ya yi wata biyu yana nan fes, tambayi kanka ina dattin ya tafi. Yana nan ya kwanta a kasko da cikin jijiyoyin injin, irin wanda Baba bakanike ya lakato.

Sai al'adar ciko. Direba zai ce maka ai motata tana shan mai, kullum ina ƙara sabo, don haka kullum man sabo ne, juye na mene ne? Wannan lissafin dokin rano ne. Abin da ke ƙonewa ko ya ɗiga ya tafi, amma ƙurar da ta shiga, da garin ƙarfe, da fetur ɗin da kafireto ke tsiyayarwa cikin mai yana tsinka shi, duk suna nan suna taruwa. Ga hanyoyinmu kuma, in ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Sabuwa da rani, ƙurar da mota ke shaƙa a yini ɗaya ta fi wadda motar Abuja ke shaƙa a wata. Wannan ne ma ya sa nake ganin sayen man roba mai tsada, wanda ake cewa yana kai dogon zango ba a canza ba, asarar kuɗi ce ga tsohuwar mota a nan. Ba zai cuce ta ba in lambarsa ta dace, amma falalarsa ita ce daɗewa, mu kuwa ƙura da fetur ba za su bar shi ya daɗe ba. Gara mai matsakaicin kuɗi da za a zubar sau biyu, da mai tsada da za a ji ciwon zubarwa. Ni ƙa'idar da na gindaya wa ƙanena ita ce kada ya wuce kilomita 3,000 zuwa 4,000, kuma duk juye da sabuwar filta. Da yake agogon kilomitan motar ya mutu tun zamanin Abacha, sai muka koma lissafi da mako: in tana fita kullum, mako huɗu. Yana rubutawa da alli a bangon zaure.

Kada in manta da masu rufe laifi da kauri. Injin ya fara hayaƙi, maimakon a canza ringi, sai a nemo man giya ko wani abu mai kama da zuma a zuba, hayaƙi ya ragu, a ce an gyara. Masu sayar da mota sun fi kowa iya wannan. Man giya ba a yi shi domin wuta ba, kuma abin da ya yi kauri fiye da kima ba ya isa saman injin da wuri. Haka masu cire ƙwan jar fitilar mai, ko su manna mata hoto don kada ta dame su. Wannan fitila ita kaɗai ce bakin da injin yake da shi. In kuma ka zare geji ka ga mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, galibi gaskit ya ƙone. Babu man da zai yi maganin wannan, sai gareji.

Na san abin da za a ce mini, kuma ban raina shi ba. Za a ce Malam, kana magana kamar ba ka san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin galan ɗaya na man kirki ya zama abin da direban ƙauye zai yi kwanaki yana tarawa. Fasinja sun ragu, manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, kuma ba a manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka koma zagayawa ta Funtuwa, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Mutumin da ya sha wannan, in ya sayi man kwalba, ba wauta ce ta sa shi ba, babu ce. Na yarda. Amma dai wannan halin da ake ciki shi ne hujjata. A wurin da mota za ta mutu ka kira bakanike ya zo a babur cikin minti goma, kana iya caca da mai. A dajin da ke tsakanin Sheme da Ƙanƙara, ko hanyar Ɗandume zuwa Sabuwa wadda ta doshi dazukan Birnin Gwari, ba injin kaɗai ka sa a caca ba. Mutanen yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana a dare ɗaya, a Disambar 2020, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. An yi zaman sulhu a 2025, muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya, amma ban ga direban da zai so ya gwada ƙarfin sulhun da mataccen injin da magariba ba.

Kuma akwai mafita da ba ta fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar direbobi tana karɓar kuɗi a kan kowace mota da ta yi lodi. Me zai hana kowane reshe ya riƙa sayo katan-katan na man kirki kai tsaye daga babban dila a Funtuwa ko Kano ko Kaduna, a ajiye a ofis, direba ya ɗauka ya riƙa biya kaɗan-kaɗan daga lodinsa? Ana yin adashi domin biki da suna, ana yi domin sayen taya. Injin 504 lita huɗu ne cikinsa, galan guda ke nan. In mutum huɗu suka haɗa kai, kowane mako ɗaya ya yi juye, wata ya zagayo kowa ya samu. Su ma fasinja, musamman iyayenmu mata masu zuwa kasuwa, suna da haƙƙin su ƙi shiga motar da suka ga tana tafe tana hayaƙi kamar ana gasa bulo, ko da ita ce a kan layi.

Abu na ƙarshe da na koya daga Baba bakanike shi ne a huda galan bayan an juye. Ya ce masu jabu suna bi gareji-gareji suna sayen fankon galan mai suna, su cika shi da nasu, su liƙe marfi, har wanda ya biya kuɗin man kirki ma ya tashi da na bogi. Don haka a saya a wurin da aka sani, a duba hatimin marfi, a tsaya a ga an fasa shi a gaban ido, in an gama a sa wuƙa a tsaga shi. Wannan shawara ita ce ta haɗa ni rigima da uwargida, domin ita a wurinta galan ɗin da ya rage na kananzir ne, ko na ajiyar ruwan batir, kuma ta ce ba ta taɓa ganin almubazzarancin da ya kai mutum ya fasa abu lafiyayye da hannunsa ba. Yanzu dai mun daidaita: galan ba ya kwana a gareji, ƙanena yana dawo mata da shi gida, ni kuma na kankare sunan kamfanin da ke jiki kafin in miƙa mata.